Gardama a aji, ƙuri'a a gari: yadda Yahudawa ke koya wa yara zaman ɗan ƙasa

Malamin Sakandare:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da darasin haƙƙi da wajibin ɗan ƙasa, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro zai haddace maka rassan gwamnati uku, ya kawo ma'anar dimokuraɗiyya ba tuntuɓe, ya ci jarrabawa. Amma haɗa shi da wanda ra'ayinsu ya saɓa, ba za a yi minti biyar ba sai an kai ga zagin iyaye. To me muka koyar ke nan?

A hutun nan na zauna ina bin yadda wasu al'ummomi ke yin nasu, sai na tsaya a kan Yahudawa. Dalilina shi ne, tun da Rumawa suka rushe haikalinsu na Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya har zuwa 1948, kusan ko'ina suka zauna 'yan tsiraru ne a ƙarƙashin mulkin wani. Dole ta sa malamansu suka amsa tambayar nan: yaya mutum zai riƙe addininsa kuma ya zauna da hukumar da ba tasa ba?

Amsar da ta fi shahara ta fito daga wani malami mai suna Shamu'el, wanda ya rayu a garin Nehardiya na ƙasar Babila, wato Iraƙi ta yau, a ƙarni na 3. Ya ce "dina de-malkuta dina", ma'ana dokar masarauta doka ce. Biyan haraji da mutunta takardun ciniki na kotun ƙasa, addini ne da kansa ya ɗora su a wuyan Bayahude, ba tsoron dogari kaɗai ba. Ibada kuwa ba ta shiga ciki, sarki ba ya halatta abin da Attaura ta hana. Tun kafin Shamu'el ma, a littafin Irmiya akwai wasiƙar da aka aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila, ana ce musu su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, don lafiyarsa ita ce tasu. Shi ya sa har yau a majami'u da yawa a Ingila da Amurka ake yi wa hukumar ƙasa addu'a ranar Asabar, yaro na zaune yana ji.

Sai dai ba nan ne ya fi ɗaukar hankalina ba, don biyayya kowace gwamnati na son a koyar da ita, har ta soja. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda suke karatu. A makarantunsu na addini, waɗanda suke kira yeshiba, ɗalibai biyu ne ke zama a kan shafi ɗaya, ɗaya ya kawo fahimta, ɗaya ya nemi inda za ta rushe. Sunan wannan habruta. Littafin da suke karantawa kuma, Talmud, shi kansa gardama ce aka rubuta. Akwai labarin mazhabar Hillel da ta Shammai, waɗanda aka ce sun shekara uku suna jayayya, daga ƙarshe aka bi ta Hillel. Dalilin da littafin ya bayar shi ne, mutanen Hillel masu sauƙin kai ne, suna karanta maganar abokan jayayyarsu, har suna ambatar ta kafin su ambaci tasu. A Mishna kuma, wato littafin dokokin da Talmud ke sharhi a kansa, an yi tambaya: don me ake rubuta ra'ayin mutum ɗaya da aka kayar tare da na masu rinjaye? Aka ce don wata kotu ta gaba ta iya dogara da shi.

Ni a ganina wannan shi ne darasin da nake ta nema: wanda ya faɗi a ƙuri'a bai zama maƙiyi ba, kuma ba a goge maganarsa daga littafi. Me kuke gani?

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam. Malam, da girman kujerarka, ni abin nan bai shige ni ba. Muna kallon abin da ake yi a Gaza tun Oktoba 2023, an kashe dubun-dubatar mutane, har da mata da ƙananan yara, makarantu da asibitoci sun koma kufai. A wannan lokacin ne za a zo mana da darasin adalci daga wajensu? In karatun nan yana gyara mutum, ina gyaran yake? Ni ban ce ƙarya ka faɗa ba, amma rubutu daban, aiki daban.

Mai Kula da Zaure:
Tambayar Ɗan Kurmi halastacciya ce, a amsa masa ita. Amma ina tunatar da kowa: ba zagin addinin wani, ba kuɗin goro. Gwamnatin Isra'ila daban, Bayahuden da ke Niyok ko Kasabalanka daban. Na riga na goge saƙo biyu, na uku mai shi zai bi su.

Malam Na-Soro:
Bismillah. Kafin a yi nisa, bari a ajiye ma'auni. A cikin Bukhari akwai hadisin da ya yi izinin a ba da labari daga Bani Isra'ila ba laifi, akwai kuma wanda ya ce kada a gaskata Ma'abota Littafi kada kuma a ƙaryata su a kan abin da ba mu da masaniya. Saboda haka labaran da Malam ya kawo, ba aƙida muke ɗauka daga cikinsu ba. Muna duba me mutanen nan ke koya wa 'ya'yansu ne, da abin da koyarwar ta haifar. Wannan kuwa ilimi ne.

Ɗana Ɗan Kurmi, zafin da kake ji ni ma ina jin sa. Amma Alƙur'ani a Ali Imrana ya ce Ma'abota Littafi ba ɗaya suke ba, a Ma'ida kuma ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci. Kuma ka tuna yarjejeniyar Madina ta lissafa ƙabilun Yahudawa da sunayensu, suna da addininsu, Musulmi na da nasu, kare gari kuma na kowa ne.

Wani ɗan tsokaci kuma. Kalmar da suke kiran malamansu da ita, in an rubuta ta da Hausa tana kama da "Rabbi" namu na addu'a. A wajensu ma'anarta "malamina" ce kawai. Don kauce wa ruɗani mu riƙa cewa malami.

Uwar Biyu:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni gani ya kori ji. A nan Bamingham inda nake zaune, akwai firamare ta Yahudawa a unguwar Mozili, sunanta King David, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan Musulmi ne. Ana koyar da Ibrananci, ana bukukuwan Yahudawa, abincin makaranta na kosha ne, wato wanda addininsu ya halatta, kuma iyaye Musulmi da kansu suke kai yaransu. Wata maƙwabciyata da na tambaya ta ce abin da ya ja ta shi ne wurin yana ɗaukar addini da muhimmanci, ba wanda zai yi wa yaro dariya don ya ce yana azumi.

Wani abu kuma da na lura da shi a gidajensu: a daren idin tunawa da fitarsu daga Masar, ƙaramin yaron gida ne ake sa wa ya miƙe ya yi tambayoyi huɗu, sannan manya su amsa. Tun yana ɗan shekara biyar an nuna masa tambaya ba rashin kunya ba ce.

Lauyan Gobe:
Malam, ka ɗauko mai daɗin ka bar mai ɗacin. Akwai labarin da kusan duk mai koyar da wannan darasi a makarantunsu yake kawowa, na tanderun Aknai. Malamai sun saɓa a kan wani tanderun gasa abinci da aka yanka gunduwa-gunduwa aka haɗa da yashi, shin yana ɗaukar najasa ko ba ya ɗauka. Malam Eliyezar yana gefe ɗaya shi kaɗai, sauran duk suna ɗaya gefen. Ya kawo hujjoji, aka ƙi. A ruwayarsu sai ya koma ga karamomi: bishiya ta tuge ta matsa, ruwan rafi ya juya baya, bangon makaranta ya karkata, har aka ji murya daga sama tana goyon bayansa. Sai Malam Yoshuwa ya miƙe ya ce "ba a sama take ba", wato an riga an ba mutane Attaura, kuma a cikinta an ce a bi masu rinjaye. Aka bi rinjaye.

A nan mafi yawan masu ba da labarin suke tsayawa, su ce ga tushen dimokuraɗiyya. Amma labarin bai ƙare ba. Masu rinjayen sun tattaro duk abin da Eliyezar ya ce mai tsarki ne suka ƙone, sannan suka yi ƙuri'a suka ƙaurace masa. Ɗalibinsa Akiba ne ya sa baƙaƙen kaya ya je ya sanar da shi, ya zauna nesa da shi. Eliyezar ya yayyage tufafinsa yana kuka. Littafin ya ce amfanin gona ya lalace, kuma daga baya shugaban majalisar, Gamaliyel, wanda surukinsa ne, ya mutu sanadiyyar kukan da Eliyezar ya kai wa Ubangiji.

To ka ga mutanen da aka ce suna adana ra'ayin wanda aka kayar, ga shi sun wulaƙanta shi. Na biyu, waɗanda suka yi ƙuri'ar nan malamai ne zalla. Ba manomi, ba mace, ba bawa. Wannan majalisar malamai ce, ba mulkin jama'a ba.

Malamin Sakandare:
Ƙanena, ka kama ni, kuma na ji daɗin kamun. Amma duba inda aka ajiye labarin: a cikin babin da ke magana kan cutar da mutum da baki. Ke nan masu littafin da kansu suna cewa ƙuri'ar ta yi daidai, wulaƙancin ne bai yi ba. Malamin kirki in ya karantar da shi har ƙarshe, ya koya wa yaro abu biyu a zama ɗaya: a bi rinjaye, kuma rinjaye na iya zalunci. Ni wannan ya fi mini wanda aka yanke wa wutsiya.

Batun cewa ba dimokuraɗiyya ba ce, na yarda ɗari bisa ɗari. Ko Majalisar Ƙasashe Huɗu da Yahudawan Folan suka yi tun ƙarni na 16 har aka rushe ta a 1764, wadda ke raba haraji da yanke hukunci, attajirai da manyan malamai ne suka riƙe ta, talaka ba shi da ta cewa. Abin da ke cikin al'adar iri ne, ba hatsi a rumbu ba. Misali, an ce ba a naɗa wa jama'a shugaba sai an shawarce su. An kuma ce a shari'ar kisa, ƙananan alƙalai ne ke fara faɗin ra'ayi kafin manya, don kada kwarjinin babba ya rufe bakin ƙarami. Attaura ma ta umarci sarki ya rubuta wa kansa kwafin doka ya riƙa karantawa, kada ya tara dawakai da zinariya. Sai an sami mai shukawa irin nan zai fito.

Anti Malama:
Tun da Lauya ya ambaci mace, bari in shigo. Malam, mai shukawar nan da kake faɗa shi ne duk maganar. A 1919 zuwa 1920, lokacin da Yahudawan Falasɗinu ke shirin zaɓen majalisarsu a ƙarƙashin Turawan Ingila, an yi rigima kan ko mata za su yi zaɓe. Malam Abraham Kuk, babban malami a Ƙudus, ya ce a'a, ya kawo dalilansa na addini. Malam Ben-Siyon Uziyel na Yafa ya ce za su yi, hujjarsa kuwa ita ce: ta yaya za a ɗora wa mace bin hukuncin wakilan da ba ta da hannu a zaɓensu? Littattafai ɗaya suka karanta, a ƙasa ɗaya, a lokaci ɗaya.

Kuma ita habrutar da ake yabo, ɗaruruwan shekaru ta maza ce. Sai a 1917 wata tela mai suna Sara Shenira ta tara 'yan mata a birnin Karako ta fara koyar da su addini a tsare, daga nan makarantun Bet Yakob suka bazu. Ba kyauta aka ba mata ba, su suka tura ƙofa. Saboda haka in za a koya wa yarinya zaman 'yar ƙasa da wannan tarihi, a gaya mata har da shekarun da aka bar ta a waje.

Uwar Biyu:
Anti, Allah ya biya ki. Wannan batu na Uziyel ban taɓa jin sa ba.

Baban Khalifa:
Ni likitan yara ne, kuma akwai wani ɗan'uwana a sana'a da ba zan iya yin shiru a kansa ba a irin wannan zance. Sunansa na alƙalami Yanush Korcak, Bayahude ɗan Folan. A 1912 shi da Sitefaniya Wilcinska suka buɗe gidan marayun Yahudawa a titin Krokmalna a birnin Warso. Abin da ya yi a gidan nan ya wuce wa'azi. Ya kafa wa yaran majalisa, da jarida, da kotu.

Kotun ce ta fi ba ni mamaki. Alƙalai biyar, duk yara, ana fitar da su ta hanyar ƙuri'ar sa'a, ba zaɓe ba, daga cikin waɗanda ba a kai ƙararsu ba a makon. Kowane yaro na iya kai ƙarar kowa, har ma'aikata, har shi Korcak ɗin. Kuma an gurfanar da shi ba sau ɗaya ba, wani lokaci shi da kansa yake kai kansa. Kundin dokokin kotun, sassansa na farko kusan duk na yafiya ne da sallama, hukunci mai tsanani sai can ƙarshe, mafi tsananinsa kora daga gidan. Ka yi tunani: maraya ɗan shekara goma, wanda bai taɓa ganin kowa ya tsaya masa ba, ya rubuta sunan babba a allo, kuma a zauna a saurare shi. Wane littafi ne zai koya masa ma'anar daidaito a gaban doka kamar wannan?

A 1926 ya kafa jaridar mako-mako da yara ke rubutawa, wasiƙu na zuwa daga garuruwa daban-daban. Da Jamusawa suka mamaye Folan aka tura gidan cikin unguwar da aka killace Yahudawa. An yi masa tayin hanyar tsira shi kaɗai, ya ƙi. A watan Agusta 1942 ya taka da ƙafarsa tare da Sitefaniya da yara kusan 200 zuwa tashar jirgin ƙasa, aka kai su sansanin kisa na Tireblinka, ba wanda ya dawo. Duk lokacin da na duba yaro a asibiti yana son magana uwarsa na ce masa yi shiru, sai mutumin nan ya faɗo mini a rai.

Lauyan Gobe:
Allahu akbar. Amma Dakta, Korcak ai ba malamin addini ba ne. Da harshen Folan yake rubutu, kuma gidansu 'yan boko ne. Za a sa shi a lissafin al'adar Yahudawa?

Baban Khalifa:
Gaskiya ne, ba daga yeshiba ya fito ba. Ni ma ban ce daga Talmud ya ciro kotunsa ba. Na kawo shi ne don shi ya aikata abin da wasu ke karantawa. In ka tambaye ni, shaida ce a kan maganar Anti Malama.

Ɗan Kurmi:
Na karanta duka, kuma labarin likitan nan ya taɓa ni, Allah ya sani. Amma har yanzu ba a amsa mini ba. Duk misalan nan na lokacin da suke ƙarƙashin wasu ne. Mai rauni dole ya yi maganar adalci, don shi ke buƙatarsa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ni kuma na ce ba a san mai adalci ba sai sanda ta shiga hannunsa. Yanzu da suke da ƙasa da soja, me suke koya wa yaransu game da Bafalasɗine?

Tsohon Ɗan Jarida:
Wannan ita ce tambayar, kuma su kansu a can sun daɗe suna yi wa juna ita. Bari in ba ka abin da na sani.

Makarantun Isra'ila ba tsari ɗaya ba ne. Akwai na gwamnati na 'yan boko, da na gwamnati na masu addini, da na Haredi masu tsananin riƙo, da na Larabawa. Yaro na iya gama sakandare bai taɓa zama a aji ɗaya da ɗan wani ɓangare ba. A 2015 shugaban ƙasar na lokacin, Ruben Riblin, ya yi jawabi ya kira su ƙabilu huɗu, ya nuna cewa kusan rabin 'yan aji ɗaya Larabawa ne da Haredi. A 2016, lokacin Naftali Benet yana ministan ilimi, an fitar da sabon bugun littafin darasin ɗan ƙasa, malaman jami'a da malaman Larabawa suka yi ca a kansa, suna cewa ya fifita "ƙasar Yahudawa" a kan "ƙasar dimokuraɗiyya". A 2018 majalisa ta yi dokar da ta ce 'yancin ƙaddara makomar ƙasa na Yahudawa ne kaɗai, aka sauke Larabci daga harshen hukuma zuwa "matsayi na musamman", alhali kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Larabawa ne. Falasɗinawan Yammacin Kogin Jodan kuwa, tun 1967 suna ƙarƙashin mamayar soja, ba sa zaɓen majalisar da ke juya rayuwarsu.

Kuma kada a manta da 4 ga Nuwamba 1995. Wanda ya harbe firaminista Ishak Rabin, Yigal Amir, ɗalibin shari'a ne da ya yi karatun yeshiba. Da hukuncin addini ya kafa hujja, wanda ake kira din rodef, na halatta kashe mai bin wani don ya kashe shi. Ya san habruta, ya san Hillel da Shammai, bai hana shi ba.

A ɗaya gefen, akwai makarantun Yad be-Yad, wato Hannu da Hannu, da aka fara a ƙarshen shekarun 1990, inda yaran Larabawa da na Yahudawa ke aji ɗaya, ana koyarwa da Larabci da Ibrananci. A Nuwamba 2014 wasu Yahudawa masu tsattsauran ra'ayi suka cinna wa ta Ƙudus wuta, aka kama su aka ɗaure, makarantar ta ci gaba. Akwai kuma irin su marigayi Yeshayahu Laibowic, masani mai tsananin riƙo da addini, wanda tun bayan yaƙin 1967 ya yi ta gargaɗin cewa mamaya za ta lalata mai mamayar. Amma in faɗi gaskiya, waɗannan 'yan kaɗan ne.

Malamin Sakandare:
Baba, na gode. Ɗan Kurmi, ba zan yi maka kwana-kwana ba: ka fi ni gaskiya a kan cewa jarrabawar mai ƙarfi ta fi ta mai rauni wuya, kuma abin da ke faruwa da Falasɗinawa ba abin da zai wanke shi. Ga ma wani abu da zai ƙara maka hujja. Talmud ya ce Attaura ta yi gargaɗi sau 36 kan cutar da baƙo, tana tuna musu cewa su ma baƙi ne a Masar. Amma malamai da yawa na dā sun fassara "baƙo" da wanda ya shiga addininsu. Wani malamin zai buɗe kalmar ta ɗauki kowa, wani zai ƙuntata ta. Alhali a littafin nan dai an ce a ciyar da matalautan da ba Yahudawa ba tare da nasu, a duba marasa lafiyarsu, saboda zaman lafiya.

Waɗanda suka buɗe ta an ga aikinsu. Malam Yowakim Firins, wanda ya yi limanci a Balin zamanin Hitila kafin ya koma Amurka, shi ya yi magana dab da Martin Luther King, jagoran neman 'yancin baƙar fata, a gangamin Washinton na 1963, ya ce abin da ya koya a Jamus shi ne shirun mutanen kirki ya fi komai muni. Malam Abraham Heshel ya yi tattakin Selma a 1965 don baƙar fata su sami 'yancin zaɓe, ya ce ji ya yi kamar ƙafafunsa na addu'a. A 1984 Malam Moshe Fainstain, babban mai fatawa na masu riƙo da addini, ya rubuta wasiƙa yana cewa yin rajista da jefa ƙuri'a wajibi ne, a matsayin godiya ga ƙasar da ta ba su mafaka. Waɗannan ne makarantunsu a Amurka ke karantarwa kafin zaɓe.

Tsohon Ɗan Jarida:
Wasu makarantun dai, Malam. A 2022 jaridar New York Times ta yi bincike kan makarantun maza na 'yan Hasidi, wani ɓangare na Haredi, a jihar Niyok, ta nuna da yawansu ba sa koyar da Turanci da lissafi yadda ya kamata, balle tarihin ƙasa. Har yanzu ana jan zare tsakaninsu da hukumar ilimi.

Ɗan Kurmi:
To Malam, na ji ka amsa ba ka kauce ba, na gode. Ban canza ra'ayi a kan Isra'ila ba, kuma ba na jin zan canza. Amma sunan Laibowic ɗin nan zan nema in karanta.

Anti Malama:
Malam, mu dawo aji. Ranar Litinin me za ka yi da duk wannan? Don ni ɗalibai 84 gare ni a aji ɗaya, in na ce su yi gardama bibbiyu, shugaban makaranta zai zaci faɗa ya ɓarke.

Malamin Sakandare:
Anti, nawa 76 ne. Su ma sun san matsalar, don a Talmud, inda aka yabi Yoshuwa ɗan Gamla da ya sa a kafa makarantu a kowane gari ga yara 'yan shekara shida da bakwai, an ƙayyade ɗalibai 25 ga malami ɗaya, in sun kai 40 a ƙara mataimaki, in 50 ne malamai biyu.

Abin da na shirya ƙarami ne. Zan raba su rukuni takwas a ƙarƙashin bishiyoyin bayan aji. Batu ɗaya: shin a hana sayar da abinci a bakin ƙofar makaranta? Sharaɗi shi ne ba mai kawo nasa ra'ayin sai ya maimaita na abokin jayayyarsa har shi ya ce e, haka na faɗa. Bayan ƙuri'a, magatakardan aji zai rubuta abin da aka zartar, ya rubuta hujjar waɗanda aka kayar a ƙarƙashinsa, a littafi ɗaya, mu sake buɗe shi a zango na gaba. Kotun Korcak kuwa sai na nemi izini tukuna, don in yara za su iya kai ƙarar malami, dole sauran malamai su yarda.

Malam Na-Soro:
In za ka gabatar musu da sharaɗin maimaitawar nan, ka haɗa musu da yadda malamanmu na fiƙihu ke kawo ƙaulin Malik da na Shafi'i a mas'ala ɗaya, kowa da dalilinsa, don su san abin ba baƙo ba ne a gidansu.

Anti Malama:
Ka sa magatakarda ta zama mace. Kuma ka turo mana hoton shafin littafin ranar Juma'a, ina son in ga yadda za su rubuta hujjar waɗanda aka kayar ɗin.